Daga Katsina zuwa ƙauyukan Dagomba: yadda ɗalibi zai shirya aikin bincike a karkarar wata ƙasa

Ranar da na gaya wa mahaifina cewa aikin digirina na biyu zai kai ni ƙauyukan arewacin Ghana na yi wata huɗu, muna zaune a zaure bayan la'asar. Ya ɗan yi shiru, sannan ya ce, "To ƙauyukan namu ƙarewa suka yi?" Na yi dariya na ce, "Baba, ai duk ɗaya ne, gero da dawa ne can ma." A raina haka na ɗauka. Na yi hutu a ƙauyen kakannina wajen Rimi, na san huɗa, na san firi, na san rumbu. Wannan tunanin na "ai na sani" shi ya cinye mini makonni uku na farko a banza. Don haka ga abin da zan faɗa wa duk ƙanena ko ƙanwata da ke Jami'ar Umaru Musa 'Yar'aduwa ko ta Dutsin-Ma, wanda irin wannan tafiya ta taso masa. Da Ghana zan yi misali don ita na taka, amma yawancin abin zai yi wa mai zuwa wata ƙasar amfani.

Mai masauki kafin tikiti

Kada ka fara da neman kuɗin mota. Fara da neman wanda zai karɓe ka a rubuce. Ɗalibin da ya shiga ƙauyen wata ƙasa da takardar tambayoyi ba tare da wata jami'a ko cibiya ta can ta tsaya masa ba, ɗan leƙen asiri za a ɗauke shi, kuma ba za ka ga laifinsu ba.

A arewacin Ghana ƙofar da ta fi sauƙin ƙwanƙwasawa ita ce jami'ar UDS da ke Tamale, wadda aka kafa a 1992 musamman don nazarin raya ƙasa. Tsarinta ya tanadi zangon karatu na uku da ake tura ɗalibai su zauna a ƙauyuka makonni da dama, saboda haka malamanta sun san ƙauyukan, ƙauyukan ma sun saba da ganin ɗalibi da littafi a hannu. A Nyankpala, kusa da Tamale, akwai tsangayar aikin gona ta jami'ar da kuma cibiyar binciken noma ta SARI. Mai bincike kan lafiya kuwa ya duba cibiyar Navrongo da ke can arewa kusa da iyakar Burkina Faso.

Malamin da ke duba aikinka shi ya kamata ya rubuta wasiƙar farko, ba kai ba. Malami ya fi amsa wa malami. Kai naka shi ne ka shirya shafi ɗaya tak: abin da kake son ganowa, gundumar da kake so, watannin da za ka yi, da wanda zai ɗauki nauyin kuɗin. Idan suka amsa, ka roƙi wasiƙar gayyata mai hatimi, ka kuma tambayi yadda ake neman izinin kwamitinsu na ɗa'ar bincike. Wannan izinin yakan ɗauki lokaci, kuma izinin jami'arku ta gida ba ya wadatarwa. Ka tura takardun tun kana Katsina.

Batun kuɗi kuwa, malaman manyan makarantu suna da hanyar TETFund, asusun gwamnatin tarayya na tallafa wa manyan makarantu. Sauran ɗalibai su sa ido kan ƙungiyoyin da ke ba da tallafin karatu da bincike, irin su DAAD ta Jamus, da RUFORUM mai hedikwata a Kampala, da WASCAL mai nazarin sauyin yanayi a Afirka ta Yamma. Cibiyar nazarin noman ƙasa mai ƙarancin ruwa ta Jami'ar Bayero ma wuri ne da ake jin labarin irin waɗannan damammaki. Duk abin da ka lissafa, ka sa ladan tafinta da man babur a sama, don su ne ke cin kuɗi, ba abinci ba.

Takardu

Fasfo, a ofishin shige da fice na Katsina, kuma sunanka da ranar haihuwarka su yi daidai da na lambar NIN harafi da harafi. Ka fara nema da wuri. Sai katin rigakafin shawara, mai ruwan ɗorawa, wanda hukumar lafiya ta kan iyakoki ke bayarwa. Ba ya fara aiki sai bayan kwana 10 da yin allurar, kuma tun 2016 allura ɗaya ta isa har ƙarshen rayuwa. Ka yi allurar da gaske. Masu sayen katin ba allura kansu suke cuta.

Yarjejeniyar ECOWAS ta 1979 ta ba ɗan Najeriya damar shiga Ghana ba biza har kwana 90. Amma ka karanta hatimin da aka buga maka a kan iyaka kafin ka bar gaban tebur, don abin da aka rubuta a ciki shi ne hukunci, ba abin da ka sani ba. Idan zamanka zai wuce haka, ka je ofishin shige da fice na Tamale da wasiƙar mai masaukinka tun kafin kwanakin su ƙare. Kowace takarda ka yi mata kwafi biyu, ka ɗauki hotonta a waya, ka bar kwafi ɗaya a gida wurin yayanka.

Wane wata za ka je

Nan ne ɗalibai da yawa ke yanke wa bincikensu hukunci ba su sani ba. Damina ɗaya ce a can kamar tamu, sai dai ta fi tamu tsawo, tana faɗuwa wajen watan Mayu ta kai Oktoba. Da rani hanya na da kyau, manomi na zaune gindin bishiya, rumbu da sauran hatsi, kowa na da lokacin hira. Shi ya sa kowa ke son zuwa da rani. Masanin nan ɗan Ingila Robert Chambers ya daɗe da jan kunne a kan haka: mai bincike yakan ga ƙauyen bakin kwalta ne kawai, da rani, ya yi magana da maza masu hali, ya koma ya rubuta cewa ya ga karkara.

Idan tambayarka ta shafi yunwa, bashi, ƙwadago ko ciwon yara, to Yuni zuwa Agusta ne lokacinta, sa'ad da tsohon hatsi ya ƙare sabo bai nuna ba. A lokacin ne kuma mata ke fita tun asuba tsintar kaɗanya. Wahalar ita ce ba wanda zai zauna maka da hantsi. Sai ka bi su gona, ko ka jira bayan magariba. Ni da zan sake, raba tafiyar zan yi biyu, rabi da damina rabi bayan girbi.

Hanya

Kakanninmu fatake ta arewa suke bi zuwa Gwanja, su sauka Salaga su sayo goro. A taswira ma hanyar Jibiya, Maraɗi, Yamai, Wagadugu zuwa Paga ita ce ta fi kama da hankali. Kada ka bi ta. Rashin tsaro a yammacin Nijar da gabashin Burkina Faso ba abin gwaji ba ne, ga shi kuma ƙasashen biyu sun fice daga ECOWAS a Janairun 2025.

Saura hanya biyu. Mai hali ya hau jirgi daga Abuja ko Legas zuwa Akra, daga nan jirgin cikin gida na kai mutum Tamale cikin kusan awa ɗaya. Marar hali ya gangara Legas, ya shiga babbar bas ta kamfani da ke ratsa Seme, Kwatano, Lome, ta shiga Ghana ta Aflao. Iyaka uku ke nan. Bas ɗin kamfani ta fi tsada amma ma'aikatanta ne ke kai fasfo a buga, ta raba ka da ciniki da kowane shinge. Daga Akra zuwa Tamale kilomita 600 ne da 'yan kai, ta Kumasi, tafiyar yini ko kwana guda. Agogonsu na bayan namu da awa ɗaya. In ka ji 'yan Zango, wato unguwar Hausawa da sauran baƙi Musulmi a garuruwan Ghana, na cewa za su Ankara, Akra suke nufi, ba ta Turkiyya ba.

Kaya kaɗan: gidan sauro, fitila mai caji da rana, fawa-banki biyu, takalmi mai rufe idon sawu, rigar ruwa, da hular kwano idan kana da ita. Kuka da daddawa kada ka wahalar da kanka, suna da su. Yaji dai ka tafi da naka. Soket ɗinsu irin namu ne. Kuɗi kuwa kada ka dogara da katin bankinka na naira. Ka canza abin da zai kai ka, da isarka ka nemi layin waya ka buɗe asusun kuɗi na waya, wanda suke kira MoMo, don har mai sayar da koko na karɓa.

Tarkon Zango

Za ka sauka Tamale ka ji Hausa a tasha, ka ji ta a kasuwa. Da safe koko da ƙosai. Da rana a ce maka ga "wace", wato shinkafa da wake, daga kalmarmu ta wake. Da dare tuwon zafi, wanda suka taƙaita zuwa TZ. Shugabar mata a ƙauye magajiya ake ce mata. Sai ranka ya ce maka ai gida ka zo.

Ni haka na faɗa. Wani dattijo mai sayar da hatsi a Zango, wanda ya ce kakansa daga ƙasar Katsina ya zo, ya riƙe ni kamar ɗa. "Ɗana, me za ka je yi daji? Zauna nan, duk abin da kake son sani game da manoman nan ni zan gaya maka." Ya kuma gaya mini da yawa, Allah ya saka masa. Sai da na yi mako uku ina cika littafi kafin na lura cewa duk abin da na rubuta ra'ayin mai saye ne game da mai sayarwa. A bakinsa manoma ba su da tattali, suna rabuwa da masara da arha tun kaka. A bakin manoman, da na isa gare su, bashin kuɗin tarakta da na taki ne ke tilasta musu sayarwa, kuma wani lokacin mai ba da bashin shi ne mai sayen.

Ka je Zango ka yi sallah, ka ci abinci, ka huce kewa. Amma ka sani mutanen ƙauye Dagomba ne, harshensu Dagbani, kuma Hausar da wasunsu ke ji ta ciniki ce. Da ita za a faɗa maka farashin buhu. Ba da ita mace za ta faɗa maka yadda aka karɓe gonar da take nomawa bayan rasuwar mijinta ba.

Shiga gari

Bi tsani daga sama. Kai wasiƙarka majalisar gunduma, ka gaida jami'in tsare-tsare da shugaban sashen aikin gona. Su za su haɗa ka da malamin gona na yankin da kuma zaɓaɓɓen wakilin ƙauyen a majalisar, kwatankwacin kansila a wurinmu. Shi zai kai ka gaban sarki. Kada ka yi tambaya ko ɗaya, kada ka ɗauki hoto ko ɗaya, kafin wannan gaisuwa.

Ɗan Katsina ba a koya masa gaida sarki, sai dai a gyara masa. Cire takalmi, durƙusa, kada ka miƙa hannu. Sarakunansu a kan fata suke zama, kuma ba ka magana da sarki kai tsaye, akwai dattijon da ke isar da magana. Ka tafi da goro, ka ɗora 'yan kuɗi a kai, wakilin zai faɗa maka abin da ya dace. Ka haddace gaisuwa uku: Dasiba da safe, Antire da rana, Aniwula da yamma. Amsar duka "Naa". Bayan sarki, ka gaida liman da magajiya, kowa a gidansa. Idan aikinka ya kai ka can wajen Bolgatanga, arewa da Tamale, ka tambayi waye tindana, mai kula da al'amuran ƙasa da wuraren tsafi, domin a can maganar fili ba ta sarki kaɗai ba ce.

A gaban kowa ka faɗi gaskiya ƙarara: kai ɗalibi ne, ba ka kawo rijiya ba, ba ka kawo taki ba, rubuta suna ba ya nufin za a raba wani abu. Ka maimaita har ka gaji. Ƙungiyoyin agaji sun yi yawa a Tamale, mutane sun saba baƙo mai takarda yana tafe da aiki a bayansa. Idan suka zaci haka kake, kowa zai zama matalauci a takardarka, awaki su ɓace, gonaki su ƙanƙance.

Abu uku ka kame bakinka a kai. Rikicin sarautar Dagomba tsakanin gidan Abudu da gidan Andani, wanda ya kai ga kisan babban sarkinsu, Ya-Na Yakubu Andani na biyu, a Yendi a 2002, ba a naɗa sabon Ya-Na ba sai a Janairun 2019. An sasanta, amma tabon na nan. Na biyu siyasar NDC da NPP, manyan jam'iyyun ƙasar biyu. Na uku saɓanin 'yan Tijjaniyya da Ahlussunna, wanda ka baro irinsa a gida. Sannan in kamanninka na Fulani ne, ka san cewa tsakanin manoma da makiyaya akwai tsami a can ma, wasu za su auna maganarsu a gabanka. Bawku kuwa, inda rikicin ƙabilun Kusasi da Mamprusi ke tashi, kada ka karɓi aiki a can.

Tafinta da tambaya

Tafinta shi ne rabin bincikenka. Kada ka ɗauki ɗan sarki ko ɗan gidan wakili, komai iya Turancinsa, don ba mai faɗin damuwarsa a gabansa. Nemi ɗalibi ko malamin makaranta daga wani ƙauyen. Ku zauna kwana biyu ku bi tambayoyin ɗaya bayan ɗaya: ya juya su Dagbani, wani daban ya dawo maka da su, ka ga abin da ya zube a hanya. Ku yi yarjejeniyar lada a rubuce. Idan ka ji an yi magana mai tsawo ya ce maka "ta ce e", ka tsaya ka nemi sauran. Don zama da mata ka nemi tafinta mace, kuma a yi shi inda maza ba sa ji. Ɗaliba mace a nan ta fi mu sa'a, tana shiga har madafa.

Kafin takardar tambayoyi ta fito, ka yi mako guda kana yawo. Ka sa dattijo ya ratsa da kai garin daga wannan gefe zuwa wancan. Ka sa matasa su zana taswirar garin a ƙasa da tsinke da duwatsu, mata ma su zana tasu daban. Tasu za ta nuna rijiya, injin niƙa da dajin kaɗanya, ta maza ta nuna gonaki da hanyar kasuwa. Idan ka tarar da mata na tara kuɗi a akwatin ƙarfe mai kwaɗo uku, ka zauna ka kalla. Wannan tsarin a maƙwabtanmu aka haife shi: ƙungiyar CARE ta fara shi a yankin Maraɗi a 1991 da sunan Mata Masu Dubara. Da na faɗa musu haka sun yi ta mamaki, hirar ta buɗe.

Awo shi ne inda alƙaluma ke lalacewa. Mudu da tiya ba su da aiki a can, da kwano suke awo, kuma kwanon wannan kasuwa ba lallai ya zama na waccan ba. Sayi ƙaramin sikeli ka auna da kanka, masara daban, gyaɗa daban. Gona da eka suke faɗa, hekta ɗaya kuwa eka 2.47 ce, kuma ekar manomi sau da yawa abin da tarakta ta ce ta nome ne, don haka ka zagaye wasu gonakin da wayarka ka gwada. Sai kuɗi. A 2007 Ghana ta cire sifili huɗu daga kuɗinta, tsohon sidi 10,000 ya koma sidi 1, amma tsofaffi da yawa da tsohon lissafi suke magana. Wata tsohuwa ta ce mini ta sayar da man kaɗanya na miliyan ɗaya, na rubuta ina ta murna na sami attajira. Sidi 100 take nufi. Duk adadin da aka faɗa maka, tambayi tsohon kuɗi ne ko sabo.

Kasuwarsu ma ba kamar ta Mai'aduwa ba ce da kowa ya san Lahadi take ci. Ta Tamale duk kwana shida take zagayowa, ta Bolgatanga duk kwana uku, don haka ranar na sauyawa kowane mako. Ranar kasuwa, ranar Juma'a da ranar makoki ba a aiki. Haka lokacin bikin Damba a watan Maulidi, ɗan'uwan Sallar Gani ta Daura. Ka ajiye littafi ka je kallo.

Kafin kowace hira ka nemi yardar mutum da harshensa, ka gaya masa yana iya ƙi, yana iya tsayawa a tsakiya. Hoto da naɗar murya kowanne da izininsa daban. Manhajar cike tambayoyi ta KoboToolbox na aiki a waya ba intanet, ka cika a ƙauye, ka tura in ka shigo gari. Duk da haka ka riƙe littafi, kowane dare kafin barci ka rubuta abin da ka gani wanda ba ya cikin tambayoyin. Rabin babi na huɗu na aikina daga wannan littafin ya fito.

Jiki

Ka kwana cikin gidan sauro kullum. Zazzaɓi ya kama ka, je a gwada jini a ƙaramin asibitin ƙauye da suke kira CHPS, kada ka tsaya haɗiyar farasitamol. Ruwan madatsa kada ka sha ba tafasawa, kada ka yi wanka a ciki saboda tsargiya. Mai zuwa da rani ya yi rigakafin sanƙarau. Da dare fitila da takalmi, don akwai kububuwa. In ta yi sara, ba tsagawa, ba ɗaure wuri tamau, a hanzarta zuwa asibiti. Amma abin da ya fi maciji kwantar da masu bincike shi ne babur. Hular kwano, kuma ba tafiyar dare. Kullum wani a Tamale ya san ƙauyen da kake.

Gidan da aka sauke ka, ka ci abin da suka ci, ka riƙa sayo cefane ranar kasuwa maimakon miƙa kuɗi a hannu. A yankunan da ba Musulmi suka fi yawa ba ana dafa burkutun dawa da suke kira pito, kuma da shi ake tarar baƙo. Ka ce addininka ya hana, cikin fara'a, ka karɓi ruwa. Ba wanda ya taɓa jin haushina a kan haka.

Kafin ka ɗaure jaka

Ka ware mako na ƙarshe don mayar da abin da ka ɗauka. Tara mutane, maza daban mata daban, tafinta ya faɗa musu abin da ka fahimta, ka bar su su gyara maka. A irin wannan zaman ne wani manomi ya nuna mini cewa gonakin da na lissafa na magidanta, da yawansu aro ne daga sarki. Ka bar taƙaitaccen rahoto na shafi biyu a majalisar gunduma da wurin malamin gona, ka biya tafinta cif, ka koma ka yi wa sarki, liman da magajiya sallama kamar yadda ka gaishe su da zuwa. Sunayen mutane ka cire su daga bayanan ka sa lambobi, ka ajiye kwafi a wuri biyu kafin ka hau mota. Ragowar sidi ka canza a Akra ko Aflao, don a Katsina da wuya ka sami mai karɓa.